Fashin Baƙi: Yadda Ake Tantance Kayan Tsofaffin Agogo Kafin a Saye Su a Intanet

Idan har kamfanin da ya ƙera agogo zai iya zuba miliyoyin kuɗi ya sayi agogon haɗe-haɗe mai ɗauke da sunansa ba tare da ya gane ba, to wace dabara ta rage wa mutumin da yake riƙe da waya yana kallon hoton fuskar agogo ko zoben da ke kewaye da gilashinsa ko sarƙarsa da wani ɗan kasuwa ya ɗora a kasuwar intanet ta eBay daga wata nahiya? Wannan tambaya ta yi ta yawo a bakin masu tara tsofaffin agogo tun shekarar 2023, lokacin da jaridar Neue Zürcher Zeitung ta ƙasar Suwizalan ta fallasa labarin wani agogon Omega Speedmaster ƙirar 1957. An sayar da shi a gwanjon kamfanin Phillips a birnin Jeniba a watan Nuwamba na 2021 a kan kuɗin Suwizalan faran miliyan 3.1, alhali kafin gwanjon an yi masa kiyasin faran 80,000 zuwa 120,000 ne kawai. Wanda ya saye shi kuwa shi ne kamfanin Omega da kansa, domin ya ajiye a gidan tarihinsa. Daga baya ta bayyana cewa an harhaɗa agogon ne da sassan wasu tsofaffin agogo, kuma kamfanin ya zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a cikin lamarin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a wannan labari shi ne, galibin sassan da aka harhaɗa ɗin na Omega ne na gaske. Algus ɗin yana wajen haɗin, inda aka ɗauko kayan da ba tare aka haife su ba aka ce tare suka fito daga masana'anta. Saboda haka duk wanda yake tambayar mai sayarwa "wannan na asali ne ko jabu?" ya yi tambaya ɗaya ne daga cikin uku da suka kamata.

Tambayoyi uku da ake cakuɗawa

Ta farko ita ce ko kamfanin ne ya ƙera kayan, ko kuwa masana'antar da kamfanin ya ba kwangila. Ta biyu ita ce ko kayan ya dace da wannan samfurin agogo da kuma shekarar da aka yi shi. Ta uku ita ce ko da shi agogon ya fito tun ranar farko. Abu yana iya tsallake ta farko ya faɗi a ta biyu, kuma a nan ne akasarin masu saye suke yin asara, domin mai sayarwa zai iya rantsuwa cewa kayansa na kamfani ne, kuma bai yi ƙarya ba.

A tallace-tallacen intanet ana cin karo da rukunoni da ya kamata a bambance. Akwai kayan da aka kwance daga wani tsohon agogo, da tsufansu da tabonsu. Akwai waɗanda ake rubuta wa NOS, wato tsohon kaya ne da ya shekara a ajiye a kanti ko a aljihun teburin mai gyara ba a taɓa amfani da shi ba. Akwai kayan canji na kamfani, waɗanda kamfanin ya ƙera shekaru bayan agogon domin ya riƙa sa wa waɗanda aka kawo gyara. Na gaske ne, amma siffar rubutunsu da sinadarin haskensu sukan bambanta da na farko, kuma darajarsu a wurin masu tara agogo ƙasa take ƙwarai. Akwai kayan da wasu masana'antu suke yi a fili ba tare da sun sa tambarin kowa ba, kamar gilashi da sifirin da roba mai hana ruwa shiga, waɗanda babu yaudara a cikinsu. Sai fuskar da aka kankare aka sake yi wa fenti, wadda ƙarfenta na asali ne amma duk abin da ido yake gani a kanta sabo ne. Na ƙarshe shi ne jabu tsantsa, wanda aka ƙera jiya aka buga masa tambari aka tsufar da shi da gangan. Agogon da aka haɗa daga irin waɗannan kaya daban-daban shi ne masu harkar suke kira Frankenwatch.

Duk wanda ya taɓa sayen kayan mota a kasuwar 'yan kwance ya san bambancin wanda ya zo da mota da na Beljiyam da sabo ɗan kanti, ya kuma san cewa fitilar kamfani ta wata shekarar ba lallai ta zauna a motar wata shekarar ba. Haka lissafin yake a agogo, sai dai a nan ɗigo ɗaya na fenti yana iya raba farashi gida goma.

Me ya sa kasuwar ta cika da algus?

Dalili na farko tarihi ne. A ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar kwaz da aka sa a kasuwa. Cikin shekaru goma sha biyar masana'antar agogon Suwizalan ta durƙushe: ma'aikatanta sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe. Da suka rufe, kundayen ajiyar bayanansu suka ɓace, ragowar kayansu kuma suka watsu a hannun dillalai. Ke nan akwai tsofaffin kaya na gaske da yawa a duniya, amma babu takardar da za ta raba su da na ƙarya.

Dalili na biyu shi ne manyan kamfanonin da suka tsira sun rufe ƙofar sayar da kayan gyara. Rolex ba ya sayar wa kowa kaya sai masu gyaran da ya amince da su, kuma bisa al'ada yakan riƙe tsohon kayan da ya cire idan ya sa sabo. Rukunin kamfanonin Swatch, mai mallakar Omega da Longines da Tissot da Rado da masana'antar inji ta ETA, ya daina bai wa dillalai masu zaman kansu kaya daga ƙarshen 2015, abin da ya jawo doguwar shari'a tsakaninsa da kamfanin Cousins na Birtaniya, mai sayar da kayan gyaran agogo. Ƙungiyar masu gyaran agogo ta Turai ma ta kai kuka gaban hukumar Tarayyar Turai, amma a 2017 kotun tarayyar ta yi watsi da ƙararta. Sakamakon haka, mai gyara mai zaman kansa sau da yawa ba shi da madogara sai kasuwar intanet.

Na uku shi ne kuɗi. Tun da aka sayar da Rolex Daytona na jarumin fim Paul Newman a kan dala miliyan 17.8 a New York a watan Oktoba na 2017, kowa ya gane cewa tsohuwar fuskar agogo tana iya fin gidan agogon da injinsa tsada idan an haɗa su. Inda riba ta kai haka, ƙwararru suna shiga aikin jabu. Masu tara agogo sun daɗe suna kokawa da fuskoki da gidajen Rolex na jabu da ake yi a Biyetnam, waɗanda kyansu yakan rikita har dillalan da suka daɗe a harkar.

Akwai kuma wani abu da yake sauƙaƙa wa masu algus aiki. Kamfanonin agogo na wancan zamani ba su ne suke ƙera komai da kansu ba. Injin Valjoux 72, alal misali, shi ne a cikin tsofaffin Daytona, shi ne kuma a cikin Heuer Carrera da agogunan ƙananan kamfanoni masu yawa da ba a ma tuna sunansu yanzu. Mai son zuciya yakan sayi agogo mai araha saboda injinsa kawai, ya sassaƙa sunan babban kamfani a kan farantin injin, ya sa shi a sabon gida. Injin tsoho ne na gaske, kuma yana aiki lafiya lau.

Lambobi: abin da suke faɗa da inda suke tsayawa

Matakin farko na tantancewa ba ya buƙatar ƙwarewa, haƙuri kawai yake so. Kowane tsohon agogo na kamfani sananne yana da lambar samfuri, da lambar siriyal, da lambar inji, kuma dole su yi magana da murya ɗaya.

A tsofaffin Rolex, lambar samfuri tana sassaƙe a jikin gida tsakanin ƙahonnin da ke riƙe sarƙa ta wajen ƙarfe 12, lambar siriyal kuma ta wajen ƙarfe 6, don haka sai an cire sarƙa ake ganinsu. A cikin murfin baya na waɗanda aka yi kafin farkon shekarun 1970 akan sami hatimin zangon shekara da shekarar kanta, kamar a ga IV 67, wato zango na huɗu na 1967. A tsofaffin Omega kuwa siriyal tana jikin inji, lambar samfuri tana cikin murfin baya. Wanda yake sayar da agogo ko gida ko inji ya ƙi nuna waɗannan wurare a hoto, to ciniki ya ƙare tun daga nan.

Seiko ya fi kowa sauƙaƙa wa mai bincike. A lambar siriyal mai shida da ke bayan murfi, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekara, ta biyu kuma wata ne, daga 1 zuwa 9, sannan O da N da D su tsaya wa Oktoba da Nuwamba da Disamba. Siriyal da ta fara da 3N tana nufin Nuwamba na shekarar da ta ƙare da 3, injin ne zai nuna wace shekara goma ake nufi. Idan injin 6139 ne, wanda aka fara a 1969 aka daina a ƙarshen shekarun 1970, to 1973 ke nan. A murfin akwai wata lamba mai gida biyu kamar 6139-6002, gidan farko na inji, na biyu na siffar gidan agogo. A can ƙasan fuskar ma akwai ƙananan rubutu da suke farawa da lambar inji. Lambobi huɗun farko na fuska da na murfi da na jikin inji dole su zo ɗaya. Waɗanda ke biye da su a fuska ba lallai su yi daidai da na murfi ba, domin su lambar zanen fuskar ce, kuma mutane da yawa sukan yi watsi da kaya mai kyau saboda rashin sanin wannan.

Iyakar lambobi ita ce, suna iya kama ƙarya amma ba sa tabbatar da gaskiya. Murfin baya ana canza shi, siriyal ana sake sassaƙa ta da na'urar leza. Haka ma takardar da wasu kamfanoni kamar Longines da Patek Philippe suke bayarwa daga kundin tarihinsu: abin da take cewa shi ne an ƙera agogo mai wannan lamba a shekara kaza, ba ta ce fuskar da ke kansa yau ita ce ta wancan lokaci ba. Rolex kuwa ba ya bayar da irin wannan takarda ko kaɗan.

Fuskar agogo, inda kuɗin yake

A nan ya kamata mai saye ya daɗe. Tsofaffin fuskoki ana buga rubutunsu ne da wani tattausan hatimi da yake ɗauko tawada daga farantin ƙarfe da aka sassaƙa, shi ya sa idan aka duba da gilashin ƙara girma za a ga haruffan suna da kaifin baki, tawadar ta ɗan taso, kuma a ƙarshen kowane harafi akwai 'yan siraran ƙafafu da ido tsirara ba ya gani. Fuskar da aka sake yi wa fenti takan tona kanta ta hanyoyi da aka sani: haruffa sun yi kauri, tazarar da ke tsakaninsu ba daidai ba, layukan mintoci ba su faɗa a tsakiyar alamomin awa ba, kalmar Swiss da ke ƙasa ta karkace ko ta ɓace gaba ɗaya. Wadda aka buga da injin bugu na kwamfuta kuwa, idan aka ƙara girman hoto za a ga launin ya tarwatse zuwa ƙananan ɗigogi.

Misali mai kyau shi ne baƙaƙen fuskokin Rolex masu sheƙi da rubutun ruwan zinariya, waɗanda aka yi har zuwa tsakiyar shekarun 1960. Babban rubutun da ke kansu ba fenti ba ne. Ana rufe wuraren haruffan ne kafin a shafe farantin da baƙin launi ta hanyar lantarki, don haka abin da ake gani kamar zinariya ƙarfen da ke ƙasa ne yake leƙowa, kuma harafin yana zaune ƙasa da baƙin da ke kewaye da shi. Idan hoton da aka ɗauka daga gefe ya nuna wannan rubutu ya hau kan baƙin ya taso, akwai abin dubawa.

Sai a nemi hoton bayan fuskar. Masana'antu irin su Singer da Stern Frères da Beyeler ne suka yi wa manyan kamfanoni fuskoki, kuma sukan bar hatiminsu a baya. A bayan ne kuma ake ganin ƙafafun nan biyu da suke shiga jikin inji; idan an yanke su an sake liƙa su a wani wuri, ko ana ganin tabon dalma da gam, to an sauya wa fuskar gida. Masu sake fenti sukan yi ɗan tsagi a gefen farantin domin su gane inda ƙarfe 12 ko ƙarfe 3 yake bayan sun kankare komai, kuma wannan tsagi shaida ce mai ƙarfi.

Tsufa ma ana ƙirƙirarsa. Saboda masu tara agogo suna biyan kuɗi mai yawa a kan baƙar fuskar da rana da shekaru suka mayar ruwan ƙasa, wasu suna gasa fuska a tanda ko su shanya ta a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, suna jiƙa zobe a ruwan bilic ya koɗe, suna rina sinadarin haske da shayi ko kofi. Abin da yake tona su galibi shi ne rashin jituwa. Agogon da ya shekara hamsin a hannun mutum komai nasa tare yake tsufa, don haka fuska mai tsatsa a ƙarƙashin hannaye farare tas, ko zobe koɗaɗɗe a kan gida mai kaifi kamar jiya aka yi shi, abin tambaya ne.

Sinadarin da ke haske cikin duhu

Wannan shi ne wurin da kimiyya take taimaka wa mai saye fiye da ido. Har zuwa farkon shekarun 1960 ana haɗa fentin haske da sinadarin radiyam. Daga nan aka koma tiritiyam, ana kuma rubuta harafin T a gefen kalmar Swiss a ƙasan fuska, ko a rubuta T<25. A ƙarshen shekarun 1990 aka koma LumiNova, wanda kamfanin Nemoto na Japan ya ƙirƙiro kuma ba ya fitar da tiriri mai cutarwa.

Kowanne yana da halinsa. Radiyam yana ɗaukar kimanin shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, don haka ko da fentin ya daina haske, na'urar auna tiriri ta Geiger za ta yi ta ƙara a kansa. Tiritiyam kuwa rabinsa yana tafiya a cikin shekara 12 da 'yan watanni, shi ya sa na shekarun 1970 ya mutu yanzu. Idan aka haska shi da fitilar UV, irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita, yakan ɗan yi haske ya dushe nan da nan. LumiNova yana shan haske ya daɗe yana walƙiya. Fuskar da aka ce ta 1968 ce, ga T a ƙasa, amma tana haske kamar fitila cikin dare, ko dai an sake shafa mata sinadari ko kuma ta canji ce ta baya-bayan nan. Neman hoto ko ɗan bidiyo a ƙarƙashin fitilar UV, fuska da hannaye tare, ba neman fitina ba ne, dillalan kirki da kansu suke ɗorawa.

Wajibi ne a faɗi cewa fuskar radiyam da aka cire daga gida abu ne mai haɗari. Fentin yakan zama gari, kuma shaƙarsa ko haɗiyarsa ita ce illar. Bai kamata a kankare ta ko a hura ta da baki ba, bai kuma kamata a ajiye ta a ɗakin kwana ba.

Zobe, gilashi, sarƙa da gida

A Speedmaster na kafin 1970, ɗigon da ke kusa da lamba 90 a kan zobe yana sama da ita ne, a na baya kuma ya koma gefe. Wannan ɗigo kaɗai ya sa tsohon zoben ya yi tsada, ya kuma sa ake buga na jabu, don haka sai an haɗa da siffar sauran lambobin. Gilashin roba na Omega na asali yana da ɗan mitsitsin tambarin kamfanin a tsakiyarsa. Sarƙoƙin Rolex suna da lambobi a maƙullinsu da kuma a guntayen da ke haɗa su da gida. Gidan zinariya na Suwizalan kafin 1995 yana ɗauke da hatimin kan mace Helvetia idan karat 18 ne, ko hoton kurege idan karat 14 ne, daga baya aka koma kan kare. Shi kuwa gidan ƙarfe, abin dubawa shi ne ko an goge shi har ƙahonninsa sun sirance, ko an cike ramukansa da waldar leza aka sake yanka shi.

Kayan cikin inji

A nan hankalin mai saye yana iya kwanciya, domin lissafin ya sha bamban. Sifirin, sandar murɗawa, ƙananan ƙafafun haƙora da roba kaya ne da aka yi su domin su ƙare a canza. Abin da ake nema a wurinsu shi ne su dace da injin. Lambar inji takan kasance a ƙarƙashin ƙafar nan mai kai da komowa da ke daidaita tafiyar agogo, tare da tambarin masana'antar da ta yi shi, ETA ko AS ko FHF ko Lemania. Masana'antun Suwizalan suna da lambobin bai ɗaya na kayan gyara: 401 sandar murɗawa ce, 723 sandar ƙafa mai kai da komowa, 770 babban sifirin. Wanda ya haɗa lambar inji da lambar kaya ya auna da ma'aunin milimita, da wuya ya yi kuskure. A ganina, biyan ninki uku domin sifirin ya zo a cikin tsohuwar takardar kamfani ɓarnar kuɗi ce, tun da sifirin da ya shekara arba'in a ajiye bai fi sabo na masana'anta mai kyau ba. Ita kanta takardar kunshin ana buga ta jabu.

Mai sayarwa da hanyar biyan kuɗi

Sayen kaya a intanet cinikin biri a sama ne, hoto kuma mai sayarwa ne ya zaɓi wanda zai nuna. Saboda haka rabin binciken a kan mutumin yake. A duba tsawon lokacin da ya yi yana sayar da irin wannan kaya, a karanta koke-koken waɗanda suka saya a wurinsa maimakon ƙirga yabo. A duba abin da ya sayar a baya: wanda ya sayar da fuska "mai wuyar samu" guda goma iri ɗaya cikin wata biyu, ba a kabad ɗin kakansa yake samo su ba. A saka hotonsa a manhajar binciken hoto ta Google a ga ko daga wani wuri ya kwaso. A roƙe shi sabon hoto da kayan a gefen takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar. A kuma karanta kalmominsa da kyau, domin wanda ya rubuta cewa kayan "ya dace da Omega" bai ce na Omega ba ne, kuma da wannan zai kare kansa idan rigima ta taso.

Tsarin tantancewa da eBay ya ƙaddamar a Amurka a 2020 ya shafi cikakken agogo ne mai tsadar dala 2,000 zuwa sama, bai shafi kayan gyara da ake sayarwa ɗai-ɗai ba. Dandalin sayar da agogo na Chrono24 na Jamus yana riƙe kuɗi a hannunsa har kaya su isa. A PayPal, kuɗin da aka tura ta hanyar 'yan uwa da abokai ba shi da kariya ko kaɗan, shi ya sa 'yan damfara suke roƙon a bi ta nan da sunan rage caji. Wanda ya ce a bar dandalin a koma WhatsApp a tura kuɗi ta banki kai tsaye, yana neman a fita daga inda za a iya kama shi ne. Idan cikakken agogo ne mai tsada, akwai The Watch Register da ke Landan, inda ake bincika siriyal a ga ko na sata ne.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Kamfanoni suna cewa rufe ƙofar kayan gyara yana kare ingancin aikinsu, yana kuma hana masu jabu samun kayan haɗi. Masu gyara masu zaman kansu suna cewa rufewar ce ta haifar da yunwar da jabu yake ci da ita, ta kuma tilasta wa mutane biyan kuɗin gyara mai tsada. Masu tara agogo kuma suna da nasu ƙorafin a kan kamfanonin, domin sau da yawa agogo yakan je gyara da tsohuwar fuskarsa ya dawo da sabuwa ta canji, mai shi yana murna bai san an zubar masa da rabin darajar kayansa ba. Hujjar masu gyara ta fi ƙarfi a wurina, ko da yake su ma akwai masu harhaɗa kaya a cikinsu. Shi haɗin ba laifi ba ne idan an faɗa. Agogon da aka ceto da kayan wani agogon ya fi wanda aka bari ya mutu a aljihun tebur. Laifin yana wurin ɓoyewa a karɓi kuɗin wanda ba a taɓa ba.

Ga mai neman gyara agogon gado

Yawancin mutanenmu ba Daytona suke nema ba. Abin da ke hannunsu shi ne Seiko 5 ko Rado ko Orient ko Citizen da mahaifi ya zo da shi tsarabar aikin Hajji, gilashinsa ya tsage ko injinsa ya tsaya. Tarkon da ke jiran irin wannan mai saye daban ne, kuma mai araha ne. Shafukan eBay cike suke da agogunan da masu harkar suke yi wa laƙabi da Mumbai special, waɗanda ake haɗawa a Indiya daga gajiyayyun injunan Seiko da Citizen da HMT na Indiya, a sa musu sababbin fuskoki masu launuka masu ɗaukar ido da kamfanin bai taɓa yi ba, a sayar da su a kan 'yan daloli kaɗan. Haka nan akwai agogunan zamanin Tarayyar Sobiyat irin su Raketa da Pobeda da ake yi wa irin wannan haɗi a gabashin Turai. Wanda ya sayi ɗaya domin ya kwance inji ya sa a na mahaifinsa, sau da yawa yakan tarar injin ya fi nasa lalacewa.

Kafin a tura ko sisi, a kai agogon wurin mai gyara ya buɗe murfin, a ɗauki hoton lambar inji da ta murfi da ta ƙasan fuska, shi ya faɗi takamaiman abin da ya lalace. Sau da yawa wanki da mai da sabon gilashi ne kawai ake bukata, kuma tsofaffin masu gyara a kasuwanninmu suna da gwangwanaye cike da matattun Seiko da za a ciri kaya a gani da ido. Idan dole sai an yi oda daga waje, a lissafa kuɗin aikowa da na kwastan da na mayarwa, domin mayar da kayan dala 30 zuwa Turai ko Asiya yana iya cin fiye da kuɗin kayan, wanda ke nufin alkawarin "za a karɓa idan bai yi ba" ba shi da amfani a aikace. A kuma gaya wa mai gyara tun farko cewa kada ya sake wa fuskar fenti, kada ya goge gidan, kuma duk abin da ya cire ya mayar wa mai shi a cikin 'yar leda.